Ba ni da halin sayen kayan wasa, Anti na cuci ɗana ne?

Ga saƙon da wata 'yar'uwa ta turo, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki sakaya sunana. Yarana biyu, babban namiji ne watansa 22, ƙaramar mace wata 5. Maigidana aikin ƙarfi yake, tun da sassafe yake fita sai dare, wata ran a samu wata ran babu. Ni kuma ɗinki nake ɗan taɓawa a gida, ɗakinmu ɗaya. Kullum ina ganin bidiyon yara a waya da kayan wasa masu koyar da karatu, ga ɗan yayata sa'an ɗana ne amma surutu yake har ƙirga yana yi, nawa kuwa kalmominsa ba su wuce goma ba sai nuni da kuka. In aiki ya min yawa waya nake miƙa masa ya kalli katun ya yi shiru. Rannan wata 'yar'uwa ta ce min ai ɗan talaka a baya yake farawa a baya yake ƙarewa, maganar nan ta hana ni barci, kullum sai na yi kuka. Ina tunanin cin bashi in sayo masa irin 'yar kwamfutar yaran nan mai magana. Na makara ne Anti? Na cuce shi?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta saƙonki kafin na ɗau waya na fara rubutu, kuma bari in fara da abin da ya fi tsaya miki a rai: ba ki makara ba, ba ki cuce shi ba, kuma dan girman Allah kar ki ci bashin nan. Uwar da ta zauna ta ƙirga kalmomin ɗanta ɗaya bayan ɗaya har ta san ba su wuce goma ba, ai idonta na kansa, kuma wannan idon shi ne jarin da za mu yi aiki da shi.

Bari in ba ki wani labari da nake so kowace uwa mai ƙaramin ƙarfi ta sani. A shekarar 1986 zuwa 1987, a unguwannin talakawa na birnin Kingston a ƙasar Jamaika, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka zaɓi yara 129 'yan wata 9 zuwa 24, dukansu yaran da suka tsumbure ne saboda rashin isasshen abinci mai gina jiki, wato tun farko ma an bar su a baya. Aka raba su gida huɗu. Wasu aka riƙa ba su kilo ɗaya na madara duk sati, wasu aka riƙa tura musu ma'aikaciyar lafiya ta unguwa sau ɗaya a sati ta yi awa ɗaya a gidan tana nuna wa uwar yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, wasu aka haɗa musu duka biyun, wasu kuma aka bar su da kulawar asibiti kawai. Shekara biyu ana haka. Kinsan da wane irin kayan wasa ake zuwa gidajen? Na haɗin hannu, robobin da aka gama amfani da su, kwali, ƙyalle, da 'yan littattafan hoto marasa tsada, a bar wa uwar ta yi sati tana yi da yaron sannan a canza mata wani. Babu batir babu allo mai haske. Kuma ba yaron aka zo koyarwa ba, uwar aka zo ƙarfafa wa gwiwa, ana ce mata ki kira masa sunan abu, ki yaba masa in ya yi, ki saurare shi.

Sai aka ci gaba da bibiyar yaran nan har suka zama manya. A 2014 aka fitar da sakamakon shekara 20 bayan gama shirin, a cikin waɗanda suka rubuta shi har da James Heckman, masanin tattalin arzikin nan da ya taɓa cin kyautar Nobel. Yaran da aka yi wa wasan nan suna samun kuɗin shiga da ya fi na waɗanda ba a yi wa ba da kusan kashi 25 cikin 100, har sun kamo sa'o'insu da ba su taɓa tsumburewa ba. Madarar ta yi amfani a lokacin da ake bayarwa, amma da tafiya ta yi nisa tasirin wasan ne ya tsaya. Kar ki fahimce ni a baibai, abinci ba abin wasa ba ne, yaro mai yunwa ko wasan ma ba zai iya ba. Abin da nake so ki gani shi ne matan can ba su fi ki komai ba, wasunsu ma kin fi su hali, kuma ɗanki yanzu haka yana cikin shekarun da aka fara da waɗancan yaran. To ina makara a nan? Shirin ya yi kyau har aka kwaikwaye shi a Bangaladash da Kolombiya da Peru da wasu ƙasashe.

Me ya sa abu ƙarami haka yake aiki? A shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro tana ƙulla sababbin hanyoyi tsakanin jijiyoyinta fiye da miliyan ɗaya a duk daƙiƙa, haka cibiyar nazarin ci gaban yara ta Jami'ar Harvard take faɗa, kuma hanyar da aka yawaita bi ita ke ƙarfi, wadda aka bari ta shafe. Abin da ya fi taka hanyoyin nan kuwa shi ne ba-ni-in-ba-ka tsakanin yaro da babban da ke kula da shi. Ya yi sauti kin amsa, ya nuna abu kin kalla kin faɗi sunansa, ya kalle ki kin yi murmushi, ya sake kin sake. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2018 a kan yara 'yan shekara 4 zuwa 6 ya duba ƙwaƙwalwarsu da na'ura, aka ga abin da ya fi tafiya da aikin ɓangaren harshe ba yawan kalmomin da ake zubawa a kunnen yaro ba ne kawai, yawan musayar magana ne, ya ce a ce masa, kuma haka abin yake a gidan mai kuɗi da na talaka.

Na taɓa zama a layin asibiti kusa da wata mata da ɗanta, zai yi sa'an naki. Babu komai a hannunsu sai robar ruwa da ta ƙare. Yaron ya saki robar ta faɗi ƙasa, sai ya ɗago ya kalli uwar. Ta buɗe ido ta ce "laa, ta faɗi!" sai ta yi shiru tana kallonsa. Ya ɗan jima sannan ya ce "ɗi". Ta ce "eh ta faɗi, ɗauko min." Ya sauka ya ɗauko ya miƙa mata, ta ce "yauwa na gode", ta ɗora a kanta ta sunkuyar da kai robar ta gangaro, ya tuntsire da dariya har mutanen layin suna juyowa. Sau nawa suka yi? Wallahi na daina ƙirgawa. Kafin a kira su yana cewa "faɗi" sarai, da kansa yake ɗora robar a kansa. Ita dai so take ta hana shi rigima a layi, amma abin da ake biyan ma'aikata su koyar a Jamaika ke nan ta yi daga farko har ƙarshe.

Ki lura da shirun da ta yi. Nan ne da yawanmu muke kuskure, muna tambayar yaro kuma mu amsa masa kafin ya buɗe baki, ko kuma da ya nuna kofi mun miƙa masa ba tare da ko kalma ɗaya ba saboda hankalinmu na wani wuri. In ya nuna kofi ki ɗan rage tsawo idonki ya haɗu da nasa ki ce "ruwa kake so?" sai ki ƙirga biyar a zuci. In ya ce "wa" ko ya gyaɗa kai, ya amsa ke nan, ki ce "ruwa! ga ruwa" ki ba shi. Kar ki riƙe kofin ki ce sai ya faɗa daidai, kar ki mai da abin jarrabawa, "ce ruwa, ce mana, kai ba ka ji ne", wannan yana sa yaro ya ƙara rufe baki. In ya faɗi kalma ɗaya ki ƙara masa ɗaya a kai, ya ce "mota" ki ce "babbar mota" ko "mota ta tafi". In ya faɗa a karkace kar ki ce ba haka ba ne, ki maimaita masa daidai kawai ki wuce. Kuma ki bi abin da shi ya sa wa ido, in tururuwa yake kallo a ƙasa to darasin yau tururuwa ne, ki durƙusa ku kalla tare, ina za ta, me ta ɗauko, ga wata can.

Nasan abin da ke ranki, Anti ina zan samu lokaci, ga ɗinki ga jaririya ga girki ga wanki. Gaskiyarki. Shi ya sa ba zan ce ki ware awa biyu ki shimfiɗa tabarma ba, ba zai yiwu ba kuma in kin gwada kwana uku za ki bari ki ƙara jin kin gaza. Wasan a cikin aikin zai shiga. Wanka kike masa dama kullum, to ki riƙa faɗar abin da kike wankewa, ga hannu ga ɗayan hannun ga ciki ina ƙafa, ki ba shi kofi biyu ya riƙa juye ruwa daga wannan zuwa wancan, a nan yake koyon cika da zubewa da babu komai. Kina wanki ki ba shi ƙaramin ƙyalle ya matse, kina shanya ya riƙa miƙo miki yana jin "rigar Baba, rigar ƙanwarka, taka". Kina sa masa kaya ki tsaya da rigar a kansa ki ce "ina yaron nan ya shiga?" ki ja ki ce "ga shi!" Zai ɓata miki lokaci, zai jiƙa kaya, aikin minti biyar zai koma goma, na yarda. Amma ba ƙarin aiki ba ne daban da sai kin nemo masa gurbi.

Sannan ke da kike ɗinki ai dukiya ce a ƙarƙashin kekenki. Guntayen ƙyallayen nan da kike sharewa, ki tara masu ɗan faɗi kala-kala a kwali, ya zazzage ya mayar, ya cusa a roba mai faɗin baki ya zaro, gaba kaɗan ki fara ce masa ba ni ja, nemo min irin wannan. Ki cusa ƙyalle a tsohuwar safa ki ɗinke bakin, ƙwallo ta samu, ku riƙa gangara wa juna daga inda kike zaune. Robobi masu girma daban-daban a jera a saka ƙarami cikin babba, murafen tukwane da cokali, kwali babba da zai shiga ciki ya zama motarsa yau gobe ya zama gida. Tsofaffin kwalaye ko kalanda masu hoto ki yanka ki ɗinke gefe ya zama littafi, ba sai da rubutu ba, ki nuna ki faɗa ki tambaye shi ina kaza. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Amma a nan zan ja kunnenki sosai, domin wurin ɗinki wuri ne mai haɗari ga ɗan wannan shekarun. Allura, fil, reza, almakashi, maɓalli, duk su koma gwangwani mai murfi a sama inda ko ya taka abu ba zai kai ba. Duk abin da zai iya shigewa bakinsa gaba ɗaya ba abin wasansa ba ne har sai ya wuce shekara uku, murfin kwalba, tsaba, dutse ƙarami, kuɗin ƙarfe. Ƙaramin batir ɗin nan mai kama da maɓalli shi ya fi komai muni, in yaro ya haɗiye yana iya ƙona maƙogwaro cikin 'yan awanni, asibiti za a nufa nan take ba jira. Leda da igiya mai tsawo ki nisanta su da shi, robar da aka taɓa zuba magani ko fetur ko sinadarin wanki kar ta zama ta wasa ko an wanke, kuma kar ki bar shi shi kaɗai da bokitin ruwa ko na minti ɗaya, ruwa kaɗan yana halaka ƙaramin yaro kuma ba a jin motsi.

Yanzu kwamfutar da kike son cin bashi dominta. A 2016 wata mai bincike a Amurka, Anna Sosa, ta naɗi muryar iyaye da yaransu 'yan wata 10 zuwa 16 suna wasa a gida da abu iri uku: kayan wasa masu batir da ke magana da kiɗa, kayan wasa na gargajiya irin su katakon jerawa, da littattafan hoto. Lokacin masu batir ɗin ne iyaye suka fi yin shiru, musayar magana ta ragu, yaran ma suka rage gwaranci. Abin ya karɓe bakin kowa. Wani binciken kuma a Jami'ar Toledo ya ba yara 'yan wata 18 zuwa 30 kayan wasa 4 a wani zama, 16 a wani zaman, sai ga shi da 4 ɗin sun fi daɗewa a kan abu ɗaya kuma sun fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. To kinga za ki ɗauko bashi ki ɗora wa kanki, ki ƙara rashin barci, a kan abin da zai danna kwana huɗu batir ya mutu. Bidiyon da kike gani kuwa ki tuna da yawansu talla ne, aikinsu ke nan su sa ki ji kin gaza don ki saya. In wata rana Allah ya hore kuma kina son saya masa wani abu, littafin hoto mai kauri ɗaya ya fi min ita.

Maganar waya. Ba zan zage ki ba, duk uwar da ke aiki da yara biyu a ɗaki ɗaya ta san dalilin da ya sa ake miƙa ta. Amma gaskiya ɗaya ce, Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idar da ta fitar a 2019 ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba bai kamata a zaunar da shi gaban allo ba, daga biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Kuma zancen cewa katun na koya musu magana, a wannan shekarun ba ya tsayawa. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta sa aka riƙa yi wa jarirai 'yan wata 9 na Amurka magana da Sinanci har zama 12, waɗanda mutum ya zauna gabansu ido da ido sun koyi bambance sautukan harshen, waɗanda aka kunna wa bidiyon mutanen nan dai suna faɗar abu iri ɗaya ba su koyi komai ba. Allo ba ya jiran yaro ya amsa, ba ya ganin inda ya kalla.

Kar ki yanke a rana ɗaya in kin san ba za ki iya ba. Ki fara cire ta daga lokacin cin abinci da kafin barci, sannan ki zaɓi lokaci ɗaya tak a rana da kika fi matsuwa, misali in kina yanka yadi da almakashi a hannu, ki bar ta nan a taƙaice kina rage wa a hankali. Sauran lokutan kwalin ƙyalle da robobi su maye gurbi, kuma wata dabara, kar ki zube masa duka, ki ɓoye rabi ki riƙa canzawa duk bayan kwana biyu uku sai su zame masa sababbi. Kafin ki hau keke ki ba shi minti goma cikakku, ke da shi a ƙasa, wayarki a ajiye, yaron da ya ƙoshi da uwarsa ya fi yarda ya zauna shi kaɗai na ɗan lokaci. Zai yi kuka kwanakin farko, zai yi birgima, ba lalacewa ya yi ba sabo ne, ki daure ki rungume shi ki ce na san kana so amma yanzu babu, ki janye hankalinsa. Duka da tsawa suna sa shi shiru a lokacin amma tsoro yake koya, kuma yaro mai tsoro ba ya gwada sabuwar kalma.

Babansu fa? Ban ji kin sa shi a lissafi ba, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nasan a gajiye yake dawowa, kar ki tare shi da ƙorafin ba ka kula da yara, ba za a dace ba. Ki ba shi labari ne, yau fa ɗanka ya ce kaza, ya ɗauko takalminka yana nemanka. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya ƙarami mai suna, minti goma in ya tarar da shi ido biyu, ko da safe kafin ya fita, ko ranar da babu aiki. Ya kwanta yaron ya hau bayansa, ya ɗaga shi sama, su yi ɓuya a bayan ƙofa, ya zazzage masa labarin abin da ya gani a hanya ko da yaron bai gane rabi ba. Irin wasan kokawar nan da maza ke yi da yara yana koya musu inda ake tsayawa da yadda ake kwantar da zumuɗi. Maza da yawa ba ƙi suke ba, gani suke sai yaro ya yi wayo sannan ake hira da shi, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa hirar ce ke kawo wayon. In akwai kaka ko maƙwabciya ko manyan yara da kika yarda da su, su ma bakinsu na da amfani.

Ita kuma 'yar wata 5 ɗin nata ya fi sauƙi, fuskarki ce abin wasanta. In kina shayar da ita ki riƙa kallonta wani lokacin maimakon waya, in ta ce "aaa" ki ce "aaa" ki jira ta sake, ki yi mata waƙa duk wadda ta zo bakinki. In tana farke kina kusa ki kifa ta a kan cikinta a shimfiɗa mai tsabta, a rarrabe cikin yini ya kai kamar minti 30, yana ƙarfafa wuya da baya kafin zama da rarrafe, amma barci a rigingine za ta yi. Ki sa yayanta a ciki, "kawo wa ƙanwarka ƙyalle, nuna mata hancinka", yana rage kishi kuma shi ma magana yake koya.

Sai abin da ba na so ki ɗaga: ki kai shi asibiti a duba shi, musamman kunnensa. Ba don na hango wani mugun abu ba, yara sun bambanta sosai wajen buɗe baki kuma da yawa masu jinkiri suna kamowa. Amma kalma goma a wata 22 ta ɗan yi ƙasa, abin da ake sa rai shi ne zuwa shekara biyu yaro ya fara haɗa kalma biyu, irin "kawo ruwa" ko "Baba tafi", kuma ciwon kunne da ke tara ruwa a ciki yana rage ji ba tare da uwa ta lura ba. Ki ce a auna nauyinsa da tsawonsa, a duba ko yana da ƙarancin jini domin shi ma yana sa yaro sanyi da rashin kuzarin wasa. Kafin ki je ki lura da waɗannan don ki faɗa wa ma'aikacin lafiya: yana juyowa in an kira sunansa daga baya? yana gane ƙaramin aike kamar ɗauko takalmi ba tare da kin nuna ba? yana nuna miki abu da yatsa don ke ma ki gani, yana haɗa ido? yana kwaikwayon abin da kike yi? Yadda kika ce yana nuni alama ce mai kyau. In kuwa akwai kalmar da yake faɗa da ya daina, ko wani abu da ya iya ya manta, wannan kar ki jira ko sati. Masu cewa bar shi namiji ne, babansa ma haka ya yi, ki gode musu ki tafi asibitinki.

Ɗan yayarki Allah ya raya shi, amma ki daina auna naki da shi. Ƙirgan ɗan shekara biyu yawanci hadda ce kamar waƙa, abu ne mai kyau amma ba shi ne ma'aunin kaifin ƙwaƙwalwa ba. Ki auna ɗanki da kansa na watan jiya. Ki samu takarda ki rubuta kalmominsa na yau da kwanan wata, har da waɗanda ba su fita daidai ba da kukan dabbobi da yake kwaikwaya, duk kalmomi ne in dai yana nufin abu da su, sai ki riƙa ƙarawa.

Ita kuwa mai cewa ɗan talaka a baya yake ƙarewa, maganarta ta min ciwo kamar ni aka gaya wa. Ba zan yi miki ƙarya in ce talauci ba ya taɓa yaro ba, yana taɓawa, a 2016 mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta yara miliyan 250 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kashi 43 cikin 100, suna cikin haɗarin kasa kaiwa inda ya kamata su kai saboda talauci da tsumburewa. Wannan nauyi ne a wuyan hukumomi da al'umma, bai kamata a jibga wa uwa ita kaɗai ba, kuma duk wani tallafi ko shirin yara kyauta da kika ji ana yi kusa da ke ki je ki nema ba kunya, haƙƙin 'ya'yanki ne. Amma talauci ba a jini yake ba, ta ƙofofi yake shigowa, yunwa, yawan ciwo, damuwar iyaye, da shirun da ke sauka a gida in kowa ya gaji. Wasu ƙofofin sun fi ƙarfinki a yanzu, ta shirun nan kuwa a hannunki take, kuma ita ce yaran Kingston suka nuna tana da nauyi haka.

Ƙanwata saura ke. Kin ce ba kya barci, kullum sai kin yi kuka, ga ki wata biyar da haihuwa. Wannan ya tsaya min a rai fiye da kalmomin yaron. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 13 cikin 100 da suka haihu suna shiga matsalar damuwa, a ƙasashe masu tasowa ya kusa 20, ba raunin imani ba ne ba kuma rashin godiya ba, ciwo ne da ake magani. In kin ga kukan nan ya wuce sati biyu, ba kya jin daɗin komai, abinci ya fita ranki, ko wani mugun tunani na zuwa miki game da kanki ko yaran, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya a ranar da kika kai shi, ki faɗa wa maigidanki ko wata da kika amince da ita, kar ki haɗiye. Ranar da kika tashi ba ki da ƙarfin waƙa ko wasa, ki jawo shi jikinki ku zauna kawai, ya isa na ranar, gobe a ci gaba.

Ki sake rubuto min bayan wata ɗaya, ina son jin abin da aka ce game da kunnen, da abin da ya ƙaru a takardar nan, da yadda barcinki ya koma. Allah ya buɗa wa maigida, ya raya miki su. Ki shafa min kansu.